Me Ya Sa Kurmin Indiya Ke Tare Layin Dogo Don A Saka Su Cikin Ƙabilun Asali?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Na ga hotunan dubban mutane a Indiya, maza da mata, zaune a kan layin dogo da ƙyallaye masu ruwan ɗorawa a wuya. An ce sunansu Kurmi, wai suna neman gwamnati ta saka su cikin jerin ƙabilun asali. Abin ya ɗaure mini kai. A sanina kowa a Indiya ƙoƙari yake ya hau sama a tsanin asali, to yaya mutum zai kwana a kan dogo don a mayar da shi baya? Kuma suna da gaskiya kuwa?

Amsa: Malama, barka kadai. Tambayarki ta taɓa abin da na daɗe ina bibiya, kuma abin da ya ɗaure miki kai shi ne ainihin zuciyar maganar, don kakannin mutanen nan sun taɓa yin ƙoƙarin hawa tsanin da kika ambata, yau kuma jikokinsu ke biyan kuɗin wannan hawan.

Mu fara raba sunan tukuna. Ba shi da haɗi da kurmin da muka sani, na daji ko na kasuwar Kano, dacewar sauti ce kawai. A Indiyar ma al'umma biyu ce ke amsa shi. Akwai Kurmin filayen kogin Ganga, a jihohin Bihar da Uttar Pradesh, manoma masu ƙarfi, mabiya addinin Hindu gaba da baya. Cikinsu Nitish Kumar ya fito, wanda ya yi kusan shekara ashirin yana jagorantar gwamnatin Bihar, duk da cewa ƙidayar da jihar ta yi a 2023 ta nuna Kurmi kashi 2.87 cikin ɗari ne kacal na jama'arta. Waɗannan ba su ne a hotunan da kika gani ba. Masu zaman dogon mutanen tudun Cota Nagpur ne, ƙasar duwatsu da dazuzzuka da kwal wadda ta haɗa jihar Jarkand, da yammacin Bengal ta Yamma wajen Purulia da Jhargram da Bankura, da arewacin Odisha wajen Mayurbhanj da Keonjhar. Sunansu da wata "ra" ake furta shi ta naɗe harshe, irin bambancin da kunnen Bahaushe ke ji tsakanin bara na maigida da bara na almajiri, wanda rubutun boko ba ya nunawa. Shi ya sa suke dagewa a rubuta Kudmi, kuma haka zan kira su daga nan. Galibinsu suna amsa laƙabin Mahato, wanda asalinsa sarautar mai gari ce. Idan kika ce wa ɗan gwagwarmayarsu shi da Kurmin Bihar abu ɗaya ne, kin tsokano faɗa, don a kan wannan haɗin ne aka sha hana su abin da suke nema.

Sai abin da ke cikin sunan "ƙabila" a dokar Indiya. Tsarin mulkin 1950 ya ware wasu rukunai da ake keɓe wa gurabe a aikin gwamnati da manyan makarantu. A matakin tarayya, waɗanda a da ake ƙyamar taɓawa suna da kashi 15, ƙabilun da ke cikin jadawali, waɗanda ake taƙaitawa da ST, suna da kashi 7.5, sai rukunin sauran al'ummomin da aka bari a baya, wato OBC, da aka ba kashi 27 tun daga 1990. Kudmi a OBC suke. A ido kashi 27 ya fi 7.5, amma dubban al'ummomi ne ke warwason wannan kason, kuma iyalin da kuɗin shigarsa ya wuce rupi 800,000 a shekara an cire 'ya'yansa daga ciki, alhali ba a yi wa ST wannan iyaka ba. A Jarkand kuwa lissafin ma a juye yake: ST na da kashi 26 na ayyukan jiha, OBC kashi 14. Daga kujeru 81 na majalisar jihar, 28 ba wanda zai tsaya takara a kansu sai ɗan ST, haka 5 daga cikin kujeru 14 da jihar ke da su a majalisar wakilai ta Delhi. OBC ba su da kujera ko ɗaya da aka keɓe musu a waɗannan majalisu.

Abin da ya fi duk wannan nauyi a ƙauye shi ne ƙasa. Dokar ƙasa ta Cota Nagpur ta 1908 ta hana a sayar da gonar ɗan ƙabila ga wanda ba ɗan ƙabila ba. Dokar 1996 ta ba taron ƙauye a yankunan ƙabilu bakin magana kafin gwamnati ta karɓe fili, dokar 2006 kuma ta amince da haƙƙinsu a kan dajin da suke rayuwa a ciki. A yankin da madatsun ruwa da ramukan kwal da masana'antar ƙarfe ta Bokaro suka tashi ƙauyuka da dama daga mazauninsu, waɗannan dokoki su ne katangar gidan talaka. Kin ga ashe ba baya suke son komawa ba, inuwa suke nema.

To suna da hujja? Suna da ita, kuma ba ƙarama ba ce. A 1891 jami'in mulkin mallaka Herbert Risley, wanda ya yi babban bincike kan al'ummomin Bengal, ya rubuta cewa Kurmin Cota Nagpur da wuya a bambanta su da ƙabilun yankin irin su Santal ko Bhumij, suna da zuri'o'i masu alaƙanta kansu da wata dabba ko tsiro, kuma Santal, masu tsantseni wajen cin abincin baƙo, suna cin dafaffiyar shinkafar gidan Kurmi don suna ɗaukarsu yayye. George Grierson, mai binciken harsunan Indiya, shi ma ya ja hankali kan bambancin furucin sunayen biyu. Takardar da Kudmi suka fi riƙewa ita ce sanarwar gwamnati mai lamba 550 ta ranar 2 ga Mayu 1913, wadda ta keɓe ƙabilu 13 daga dokar gado ta Turawa saboda suna da tasu al'adar rabon gado. A cikin jerin akwai Munda, Oraon, Santal, Ho, Bhumij, Kharia, akwai kuma Kurmi. An sake tabbatar da wannan keɓewa a 1931. Da Shugaban Ƙasa ya fitar da jadawalin ƙabilu a watan Satumba na 1950, manyan maƙwabtan nan duk sun shiga, sunan Kurmi babu. Tambayar da suke yi wa Delhi tun lokacin ɗaya ce: a nuna mana takardar da ta cire mu da dalilin da aka rubuta a cikinta.

Amma tarihin yana da wani shafi da 'yan gwagwarmayar ba su cika son a buɗe ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Kurmin filayen Ganga suka kafa ƙungiya, wadda daga 1910 ta zama ta ƙasa baki ɗaya, tana iƙirarin cewa su Kshatriya ne, wato jinin mayaƙa da sarakuna a tsarin Hindu. A taronta na Muzaffarpur a 1929 wakilai daga Cota Nagpur suka halarta, aka rataya musu zaren nan mai tsarki da manyan jinsunan Hindu ke ratayawa, aka kuma zartar cewa su da Kurmin Bihar jini ɗaya ne. Daga nan aka shiga wa'azi a ƙauyuka: a bar kiwon kaji da cin namansu, a bar giyar shinkafa, a kira malaman Brahmin su ɗaura aure. A wancan zamani kalmar ƙabila zagi ce, ba ta kawo gurbin karatu ko aiki, saboda haka masu gonaki da 'yan bokon Kudmi suka zaɓi mutunci a idon Hindu. Babu wanda ya san cewa bayan shekara ashirin sunan da suke gudu zai zama mabuɗin taska. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Ni a nawa karatun, wannan mataki na shugabanni bai sauya rayuwar talakan Kudmi sosai ba, kuma mai son ya gane haka ya dubi bukukuwansu. Ɗauki Bandna, wanda ake yi a duhun watan kaka. Da yamma ake wanke shanu, a shafa musu mai a ƙaho, a ɗiga musu jan gari a goshi, a ɗaura musu zangarniyar sabuwar shinkafa. Mata sun riga sun yaɓe bangon gida da jar ƙasa da fara, sun zana hanya da ƙullun shinkafa daga ƙofar gida har garke. Dare ya yi, maza su bi gida gida da ganguna suna rera wa shanun waƙa don kada su yi barci. Makwabcinsu Basantale yana yin nasa mai kama da wannan, yana kiransa Sohrai. Haka Karam, inda 'yan mata ke tsirar da hatsi a kwando su yi rawa kewaye da reshen itacen karam, da Tusu na tsakiyar Janairu, lokacin da ake ɗaukar dogayen akwatunan gora da aka ƙawata da takarda mai launi a kai su kogi. Mai gari ko dattijon ƙauye ne ke jagorantar yawancin waɗannan, a kurmin itatuwa mai tsarki da ke gefen gari. Shi ya sa buƙatun nasu uku ne a haɗe: a saka su cikin ST, a saka harshensu Kurmali cikin jadawalin harsunan tsarin mulki, inda yanzu akwai harsuna 22 kuma Santali ya shiga a 2003, sannan a ba addinin gargajiya na Sarna gurbinsa a takardar ƙidaya. Ƙidayar 2011 ta samu masu Kurmali sama da rabin miliyan kaɗan, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da yawan al'ummar, don da yawa sun koma Bengali ko Hindi ko Khortha ko Odia.

Akwai kuma ciwon siyasa. Jam'iyyar da ta jagoranci fafutukar kafa jihar Jarkand, wato JMM, mutum uku ne suka aza harsashinta a farkon shekarun 1970: Shibu Soren Basantale, da A.K. Roy ɗan ƙwadago, da lauya Binod Bihari Mahato wanda Bakudme ne kuma shi ne shugabanta na farko, mai taken nan "yi karatu, ka yi faɗa". Nirmal Mahto, shi ma Bakudme kuma shugaban jam'iyyar, harbe shi aka yi a Jamshedpur ranar 8 ga Agusta 1987. Da aka kafa jihar a 15 ga Nuwamba 2000, sai Kudmi suka ga an yi noma tare, rabon amfanin gona kuma an bi jadawalin da ba sunansu.

Hanyar shiga jadawalin doguwa ce. Gwamnatin jiha ce ke miƙa shawara da rahoton bincike, sai ofishin Babban Magatakardan Indiya ya amince, sai hukumar ƙabilu ta ƙasa, sai majalisar ministoci, kafin majalisar dokoki ta yi wa jadawalin gyara ƙarƙashin sashe na 342. Ma'aunin da ake amfani da shi na kwamitin Lokur ne na 1965: alamun rayuwar da, al'ada ta daban, zama a keɓe, jin nauyin cuɗanya da baƙi, da koma baya. Ki duba ma'aunin nan da kyau. Al'ummar da ta yi karatu ta shiga gari ta faɗi jarrabawar ke nan, kuma da za a sake auna Santal ko Oraon na yau da shi, su ma da yawansu ba za su haye ba. A 2004 gwamnatin Jarkand ƙarƙashin Arjun Munda ta aika da shawarar a saka Kudmi. Cibiyar binciken ƙabilu ta jihar kuwa ta ce su reshe ne na manoman Kunbi, ba ƙabila ba, Delhi ta jingina da wannan ta ƙi, aka sake irin haka a 2015. A Bengal ta Yamma gwamnatin jiha ta aika nata rahoton a 2017, Delhi ta nemi ƙarin bayani, fayil ya yi ta yawo. Jiha ta ce laifin tarayya ne, tarayya ta ce jiha ba ta cika takardu ba, kowa kuma na zuwa neman ƙuri'arsu idan zaɓe ya ƙarato.

Daga nan dogo ya shigo. Ranar 20 ga Satumba 2022 suka zauna a kan layi a tashoshin Kustaur ta Purulia da Khemasuli ta Medinipur ta Yamma, suka yi kwana biyar. A Afrilun 2023 suka maimaita, har da tare babbar hanyar da ta tashi daga Kolkata ta nufi Mumbai, aka soke ɗaruruwan jirage. Ba su zaɓi dogo a banza ba: layukan nan ne ke kwashe kwal da taman ƙarfe daga ƙarƙashin ƙasarsu zuwa masana'antu da tashoshin wuta, kuma jirgin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, saboda haka idan ya tsaya Delhi ce ke jin zafi. A wurin zaman za ki ga manyan ganguna, tukwanen shinkafa a kan murhu gefen layi, mata da goyo suna rawar Jhumur tsakanin ƙarafan dogo. Jagoran da ya fi fice a ɓangaren Bengal shi ne Ajit Prasad Mahato na ƙungiyar Adivasi Kudmi Samaj. A Satumban 2023 babbar kotun Kolkata ta haramta tare layin, ta kuma tsaya a kan haka a 2025, amma a ranar 20 ga Satumban 2025 an tare tashoshi da dama a Jarkand. A akwatin zaɓe ma abin ya fito: matashi Jairam Mahato ya kafa sabuwar jam'iyya ya ci kujerar Dumri a 2024.

Yanzu ɓangaren da ya fi damuna, wanda ba ya cikin hotunan da kika gani. Masu adawa mafi zafi da wannan buƙata su ne Santal da Munda da Oraon da Ho, maƙwabtan da aka yi zaman hanta da jini da su. Sun yi yajin aiki a Bengal a Yunin 2023, sun cika titunan Ranci, babban birnin Jarkand, bayan zanga-zangar 2025. Tsoronsu ba na son rai ba ne. Kudmi manoman garma ne da suka daɗe da mallakar fadamun shinkafa masu kyau, sun riga yawancin ƙabilu shiga makaranta, suna da 'yan majalisa da ministoci. Rabon da a ƙidaya kowane jinsi na tsanin asali a Indiya tun 1931, don haka kowa na faɗin adadin da ya yi masa daɗi: shugabannin Kudmi na cewa su ne kusan rubu'in Jarkand, wasu na cewa ba su kai haka ba. Ko wanne aka ɗauka, miliyoyin mutane ne za su shigo cikin kason da bai ƙaru ba, tunda Kotun Ƙoli ta ƙayyade a 1992 cewa guraben da aka keɓe kada su wuce rabi. Ɗan Birhor ko Asur, ƙananan ƙabilun da ko a yanzu da ƙyar suke tsinto gurbi a gaban Oraon da Santal, ina zai sa kansa? Kujerun majalisa 28 za su buɗu ga Kudmi. Dokar 1908 kuma, wadda yau ke hana Bakudme sayen gonar Bamunde, gobe ita ce za ta halatta masa. Kowa a yankin ya ga abin da ya faru a Manipur daga 3 ga Mayu 2023, inda maganar saka al'ummar Meitei cikin ST ta zama silar rikicin da ya ci rayuka sama da 200.

Kin tambaye ni ko suna da gaskiya. A kan tarihi, na yi imani suna da ita fiye da yadda gwamnatoci ke yarda. Ba daidai ba ne a rataya wa manomin Purulia shawarar da wasu 'yan tsirarun wakilai suka yanke a 1929, ko a haɗa shi da Kurmin Patna, babban birnin Bihar, don kawai sunayensu sun zo ɗaya a rubutun Turawa. Shekara saba'in da ɗoriya ana juya su tsakanin ofis da ofis, wannan wulaƙanci ne. Sai dai ban yarda a biya wannan bashi daga aljihun wanda ya fi su talauci ba, kuma ina jin takaici duk lokacin da na ji wani a dandalin Kudmi yana cewa su ne 'yan asali na haƙiƙa sauran baƙi ne, kamar yadda nake jin takaicin masu kiran Kudmi 'yan kutse.

Akwai abin da za a iya yi ba tare da an cire wa kowa loma daga baki ba. Saka Kurmali cikin jadawalin harsuna bai rage wa Basantale komai ba, Bengal ta Yamma ma ta riga ta ba shi matsayin hukuma a 2018. Gurbin Sarna a ƙidaya buƙata ce ta ɓangarorin biyu, majalisar Jarkand ta zartar da ƙudurinta tun Nuwamban 2020 tana jiran Delhi. Maganar ST kuwa a ba masana masu zaman kansu su yi binciken gundumomi ɗaya bayan ɗaya, a buga rahoton kowa ya karanta, don Bakudmen ƙauyen dajin Jhargram da ɗan kwangilar Dhanbad ba halinsu ɗaya ba. Idan binciken ya ba su gaskiya, akwai misalin da za a bi: da aka saka Pahari cikin ST a Jammu da Kashmir a 2024, kason kashi 10 na daban aka ware musu don kada a taɓa na makiyayan Gujjar da Bakarwal. A ranar 1 ga Agustan 2024 kuma Kotun Ƙoli ta halatta wa jihohi su rarraba kason zuwa ƙananan kaso domin kare mafi rauni. Kujerun majalisa da sayen gona su ne za su fi wuyar warwarewa, kuma waɗannan sai an zauna da Santal da Munda da Oraon da Ho a tebur ɗaya kafin a rubuta ko layi guda.

Abin da zan ce ki sa wa ido, Malama, shi ne ƙidayar 2027, wadda gwamnati ta sanar cewa za ta haɗa da tambayar jinsin kowa a tsanin asali, karo na farko cikin kusan shekara ɗari. Shugabannin Kudmi sun daɗe suna jan kunnen mutanensu cewa idan malamin ƙidaya ya zo, su ce harshensu Kurmali, addininsu Sarna, kuma su tabbata ya rubuta Kudmi da "d".